Badujala a Dandali: Tarihin Rangadin Makaɗan Sojan Amurka

Kalmar badujala ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ta shigo bakinmu tare da bariki, a zamanin da Turawan mulkin mallaka suka kafa sojojinsu da 'yan sandansu, kuma har yau idan aka ambace ta abin da yake faɗo wa mutum a rai shi ne ranar fareti: ganguna da begila da ƙahonin tagulla, ga dakaru suna taka ƙasa sawu ɗaya. Watau a tunaninmu badujala kiɗan aiki ce da ake yi wa soja domin ya daidaita tafiyarsa, mu kuwa 'yan kallo albarkacinsa muke ci. To amma akwai wani fanni na tarihin wannan kiɗa wanda ba mu cika waiwayarsa ba, shi ne yadda waɗansu ƙasashe suka fitar da 'yan badujala daga bariki, suka ɗora su a jirgin ƙasa, suka aika da su gari-gari su yi wa farar hula kiɗa a zaune, ba fareti ba yaƙi, kuma ba tare da an karɓi ko anini a ƙofa ba. A wannan maƙala za mu bi sawun wannan al'ada a ƙasar Amurka, inda ta daɗe kuma ta yi ƙarfi ƙwarai.

Tambayar da ta sa muka ɗauko zancen mai sauƙi ce. Duk wanda ya san kiɗan fada a ƙasar Hausa ya san cewa kowane makaɗi yana da ubangida, kuma wanda yake ba shi riga da doki da hatsi shi ne wanda ake kiɗan dominsa. Idan aka ce ga makaɗa 60 ko 70 sun sauka a garinku da kayansu, sun kwana a masauki, sun yi kiɗan awa biyu, sun tashi ba su roƙi kowa kome ba, lalle mai hankali zai tambaya: wane ne ubangidansu, me kuma yake nema a wurinmu?

Kiɗan Ƙofar Fada

Ranar 11 ga Yuli, 1798, Shugaba John Adams ya sa hannu a kan dokar da ta sake kafa rundunar da ake kira Marin, watau sojojin da ake ɗauka a jiragen ruwa su sauka su yi yaƙi a tudu. A cikin dokar an yi tanadin makaɗan ganga da mabusan sarewa 32, da shugabanninsu biyu. Daga wannan ɗan ƙaramin tanadi ne badujalar Marin ta samo asali, kuma ita ce ƙungiyar makaɗa ta sana'a mafi daɗewa a Amurka. Da aka mai da hedikwatar ƙasa Washington a 1800 sai ta bi gwamnati can, ta yi kiɗa a fadar shugaban ƙasa ranar sabuwar shekara ta 1801, sa'an nan ta yi a bikin rantsar da Thomas Jefferson cikin watan Maris na wannan shekara. Tun daga nan ake yi mata laƙabi da badujalar shugaban ƙasa.

Washington ta wancan zamani ƙaramin gari ne mai taɓo, wanda ba shi da wuraren shaƙatawa na a zo a gani. Saboda haka aka saba fitar da makaɗan fili da yamma a lokacin bazara su yi wa mutanen gari kiɗa, da farko a harabar Majalisar Dokoki, daga baya kuma, a zamanin Shugaba John Tyler cikin shekarun 1840, a kan ciyawar fadar shugaban ƙasa kanta, ranar Asabar. Ana buɗe ƙofa, akawu da ɗan kasuwa da matansu su shiga su yi ta kai da kawowa, wani lokaci shugaban ƙasa ya leƙo daga bene.

Wannan kyauta ce ta mai gida, kuma mai gida yana iya janye ta ranar da ya ga dama. An ga haka a 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, sa'ad da Willie, ɗan Shugaba Abraham Lincoln mai shekara 11, ya rasu cikin watan Fabrairu. Mahaifiyarsa ta hana a yi kiɗa a ƙofar gidan da take zaman makoki, bazarar ta wuce shiru. Mutanen gari suka yi ta gunaguni, har a shekara mai zuwa ministan sojan ruwa, Gideon Welles, ya kai maganar gaban shugaban ƙasa, aka daidaita a kan a mai da kiɗan wani dandali da yake tsallaken titi. Abin lura a nan shi ne gunagunin. Cikin shekara 20 kawai jama'a sun riga sun ɗauki abin da aka fara ba su don alheri a matsayin haƙƙinsu.

Sousa da Jirgin Ƙasa

Mutumin da ya fitar da badujalar daga Washington shi ne John Philip Sousa. An haife shi a birnin a 1854, mahaifinsa ɗan asalin Fotugal ne kuma mabushin ƙaho a cikin wannan badujala, mahaifiyarsa Bajamushiya. Yana ɗan shekara 13 ya yi niyyar gudu ya bi makaɗan waɗansu 'yan wasa masu yawo gari-gari, uban ya sami labari, ya kama hannunsa ya kai shi bariki aka rubuta shi a matsayin ɗan koyo. A 1880 ya dawo ya zama shugaban badujalar, ya riƙe ta shekara 12 a ƙarƙashin shugabannin ƙasa biyar. Ya sallami raggwaye, ya tsananta gwaji, ya sauya kiɗe-kiɗen da ake yi, ya kuma tsara nasa kiɗe-kiɗen maci waɗanda suka bazu a Amurka da Turai. A 1890 kamfanin Columbia ya fara ɗaukar kiɗan badujalar a faifan garmaho na farko, masu siffar gwangwani, sunanta ya isa garuruwan da ba su taɓa ganin ta ba. (Abin dariya, Sousa kansa bai ƙaunaci garmaho ba, daga baya ya rubuta yana kushe shi, yana kwatanta kiɗansa da abincin gwangwani.)

Matsalarsa ita ce ba a yarda makaɗan shugaban ƙasa su yi nisa da fada ba, iyakarsu garuruwan da za su je su dawo cikin kwana ɗaya, kamar Baltimore da Philadelphia. Manyansa na soja suka ƙi ba shi izinin rangadi. Kamar yadda ya ba da labari da kansa a cikin tarihin rayuwarsa, sai ya bi ta hanyar da kowane bafade ya sani, ya kai kukansa wurin uwargidan Shugaba Benjamin Harrison, ita kuma ta shawo kan mai gidanta. A 1891 badujalar ta yi rangadinta na farko na makonni biyar, ta zaga garuruwa fiye da 30 a arewa maso gabas da tsakiyar ƙasar. A 1892 ta yi na biyu har zuwa gaɓar tekun Pasifik.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa wannan rangadi na farko sam ba kyauta ba ne. Wani ɗan kasuwa mai suna David Blakely ne ya shirya shi, aka sayar da tikiti, aka sami riba mai yawa. Ribar ce ma ta raba Sousa da kaki, domin Blakely ya yi masa tayin albashin dala 6,000 a shekara da wani kaso na riba idan ya kafa tasa ƙungiyar ta farar hula, abin da ya ninka albashinsa na soja wajen sau huɗu. Ya ajiye aiki a 1892. Amma ya bar wa magadansa abu biyu: al'adar fita rangadi kowace shekara, da kuma tsarin shirin kiɗan kansa, inda ake haɗa kiɗan manyan mawallafan Turai irin su Wagner da Verdi da waƙoƙin da talaka yake rerawa a titi, a riƙa tsarma kiɗan maci a tsakani don kada kowa ya gaji. Mutumin ƙauyen Amurka na wancan lokaci, wanda ba shi da rediyo kuma ba zai taɓa shiga babban zauren kiɗa na New York ba, a bakin ƙahon badujala ya fara jin Wagner.

Masu asara a wannan harka su ne makaɗan farar hula. Soja yana da albashi da kayan sarki da kayan kiɗa daga baitulmali, don haka yana iya karɓar aikin biki ko na taro a kan kuɗin da mai cin abinci da ƙahonsa ba zai iya karɓa ba. Ƙungiyar ƙwadago ta makaɗan Amurka, wadda aka kafa a 1896, ta matsa wa Majalisa lamba, har a 1908 aka yi dokar da ta hana 'yan badujalar sojan ƙasa da na ruwa karɓar lada don kiɗa a wajen bariki idan hakan zai zama gasa da makaɗan gari. Dokar ba ta mai da kowane kiɗa kyauta nan take ba, gama an ci gaba da sayar da tikiti a rangadin manyan badujaloli shekaru da dama bayan haka. Sai dai a ganinmu ita ce ta karkatar da akalar al'amarin. Tun da aka toshe wa badujala hanyar kasuwa, dole gwamnati ta nemi wani dalili na ci gaba da ciyar da ita, Yaƙin Duniya na Ɗaya kuwa ya samar da dalilin.

Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, Sousa, yana da shekara 62, ya sake sa kaki a sojan ruwa a kan albashin dala ɗaya a wata. Ya horar da ɗaruruwan samari a sansanin Great Lakes kusa da Chicago, ya riƙa zagawa da su manyan birane suna kiɗa a tituna, jami'an gwamnati kuma suna biye suna sayar wa taron takardun lamunin yaƙi. A nan kiɗan kyauta ne, amma ana gamawa ake miƙo ƙoƙon bara.

James Reese Europe

Labarin da ya fi kowane nauyi a wannan tarihi na waɗansu baƙaƙen fata ne daga unguwar Harlem ta New York. James Reese Europe, haifaffen Alabama wanda ya tashi a Washington, ya riga ya yi suna tun kafin yaƙi. A 1910 ya kafa ƙungiyar Clef Club domin nema wa makaɗa baƙar fata aiki da lada mai kyau, a 1912 kuma ya kai su zauren Carnegie suka yi kiɗan da baƙar fata suka tsara. A 1916 ya shiga rundunar sa kai ta 15 ta jihar New York, wadda dakarunta baƙaƙe ne, yawancin hafsoshinta kuwa farare. Kwamandanta, Kanar William Hayward, ya ga cewa babu abin da zai jawo samari su shiga rundunar kamar badujala mai kyau, sai ya ɗora wa Europe aikin kafa ta. Wani attajiri, Daniel Reid, ya ba da dala 10,000. Europe ya tafi har tsibirin Puerto Rico ya ɗebo mabusa kusan 18, a cikinsu har da Rafael Hernández, wanda daga baya ya zama babban mawallafin waƙoƙin ƙasarsa.

A watan Oktoba na 1917 aka tura rundunar horo a Spartanburg, a jihar Carolina ta Kudu, inda wariyar launin fata take da ƙarfin doka. Badujalar ta yi wa mutanen garin kiɗa kyauta a dandali, fararen fata suka taru suka saurara suka yaba. Ba a daɗe ba Noble Sissle, mawaƙin badujalar kuma mai riƙe sandar jan gabanta, ya shiga wani otal sayen jarida, mai otal ɗin ya kabe masa hula ya bi shi da shuri don bai cire ta ba. Sojojin da suke wurin suka harzuƙa, Europe ne ya yi amfani da muƙaminsa na laftanan ya umarce su su fita. Hukuma ta ga wuta za ta tashi, ta kwashe rundunar daga garin bayan kamar mako biyu, aka nufi Faransa da ita.

Sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Brest a farkon Janairu 1918. A bakin tashar badujalar ta busa taken ƙasar Faransa da irin nata salo, har aka ce sai da Faransawa suka ɗan jima kafin su gane abin da ake busawa su ƙame. Aka ba rundunar aikin lebura a Saint-Nazaire, watau sauke kaya da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, domin sojan Amurka ba ya son ba baƙar fata bindiga a gefen farare. Badujalar ce kaɗai aka ga amfaninta. Cikin Fabrairu da Maris aka aika da ita Aix-les-Bains, wurin hutun sojojin Amurka, kuma a tafiya da dawowa ta yi kimanin mil 2,000 a jirgin ƙasa, ta yi kiɗa a garuruwa wajen 25. Ranar 12 ga Fabrairu ta yi a gidan wasan Graslin na birnin Nantes, taron da Faransawa suke lissafa shi a cikin farkon shigowar kiɗan jaz ƙasarsu. A ƙananan tashoshi kuwa, inda jirgi ya tsaya nan ake fito da kayan kiɗa, tsofaffi da mata da yara su kewaye su, mutanen da suka shekara uku da rabi suna binne 'ya'yansu.

Me suka ji da ya ruɗa su? Kayan kiɗan dai irin na kowace badujala ne, takardun kiɗan ma sau da yawa na maci ne da kowa ya sani. Bambancin yana ga yadda ake busawa: ana jinkirta bugu a inda kunne yake jiransa a kawo shi inda ba a zata ba, ana lanƙwasa sauti, ana toshe bakin ƙaho a sa shi ya yi kamar muryar mutum. Europe ya ba da labarin cewa makaɗan badujalar Garde Républicaine ta Faransa sun karɓi takardunsa sun gwada, abin bai fito musu daidai ba, har suka zo suna duba ƙahonin mutanensa suna zaton an yi musu wani gyara na dabam. Wanda ya taɓa jin yadda gwanin algaita yake karya sauti ba zai yi mamakin wannan ba, domin akwai abin da takarda ba ta iya ɗauka.

Daga ƙarshe Janar Pershing, wanda ya ƙi yarda a sa sojojin Amurka ƙarƙashin kwamandojin wata ƙasa, ya yarda a miƙa wa Faransa baƙaƙen rundunoni huɗu. Aka sauya wa ta New York lamba ta koma ta 369, ta yi kwana 191 a bakin daga da kwalkwali da bindigogin Faransa. Europe ya ajiye sandar kiɗa ya jagoranci masu bindiga mai ruwa, iska mai guba ta same shi, aka kwantar da shi a asibiti. A watan Agusta aka kira badujalar Paris don taro ɗaya, ta ƙare da yin makonni takwas tana zaga asibitoci da sansanoni, ta kuma yi kiɗa a lambun Tuileries tare da manyan badujalolin Faransa da Ingila da Italiya.

Ranar 17 ga Fabrairu, 1919, rundunar ta yi faretin dawowa a titin Fifth Avenue har zuwa Harlem, badujalar tana gaba. Europe ya tuɓe kaki, ya ɗauki faifai da kamfanin Pathé, ya fita rangadin kasuwa da mutanensa. Ranar 9 ga Mayu, a Boston, lokacin hutun rabin wasa, wani makaɗin gangarsa mai suna Herbert Wright ya soke shi da 'yar wuƙa a wuya bayan wata 'yar gardama, ya rasu a daren, bai cika shekara 40 ba. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Bazarar wannan shekara ta zo da tarzomar launin fata a Washington da Chicago da waɗansu garuruwa da dama, inda aka kai wa baƙar fata hari, har da waɗanda suka dawo daga yaƙi. Sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawar da wariya a cikin soja, sai kuma a 2021 aka yi dokar ba rundunar ta 369 lambar zinariya ta Majalisa.

Hukuma dai ta koyi darasin cewa ƙaho yana shiga inda hafsa ba ya shiga. A 1917, da Amurka ta sayi tsibiran Virgin daga Denmark, sojan ruwa da aka ba mulkin wurin ya ɗauki wani makaɗi ɗan ƙasa, Alton Adams, da yaransa gaba ɗaya ya sa musu kaki, domin su zama gada tsakanin fararen masu mulki da baƙaƙen talakawa. Shi ne baƙar fata na farko da ya shugabanci badujala a sojan ruwan Amurka, kuma a 1924 ya kai ta rangadi gabashin ƙasar.

Wa Yake Biya?

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani, faɗaɗa ne kawai. Pershing ya kafa babbar badujalar sojan ƙasa a 1922, Majalisa ta kafa ta sojan ruwa a 1925. A 1944 aka tattara makaɗan da suka taɓa shiga fagen fama, ƙarƙashin Chester Whiting, aka aika da su tara lamunin yaƙi. Bayan yaƙi, a 1946, Janar Jacob Devers ya mai da su ƙungiya ta dindindin wadda babban aikinta shi ne rangadi, ita ce tun 1950 ake kira badujalar fili ta sojan ƙasa. A Turai kuma, daga 1952 zuwa 1962, runduna ta bakwai ta sojan Amurka ta riƙe ƙungiyar makaɗa sukutum tana zaga garuruwan Jamus da maƙwabtanta, don a nuna wa waɗanda aka ci da yaƙi cewa mai mamayar ma ya san Beethoven.

A 1973 Amurka ta daina ɗaukar soja dole. Daga nan iyalan da suke da ɗa ko 'ya a cikin kaki suka yi ta raguwa, har ya zamana a garuruwa da yawa ɗan badujala ne kaɗai sojan da mutane za su gani ido da ido. Yadda ake shirya rangadin ya nuna manufarsa. Badujalar Marin takan fita a watan Oktoba, ta ɗauki wani yanki na ƙasar, shekara mai zuwa ta ɗauki wani. Makaranta ko wata ƙungiyar gari ce take ba da zaure ta yi shela, tikiti kyauta ne, wanda bai samu ba ya jira a ƙofa a ba shi kujerar da ta rage. Kusan kullum akan haɗa taken rundunonin soja a busa su a jere, a roƙi duk wanda ya taɓa aiki a runduna ya miƙe idan an zo kan tata, jama'a su tafa masa. Makaɗan kansu ƙwararru ne da suka fito daga manyan makarantun kiɗa, ana gwada su a bayan labule, kuma na badujalar Marin ba sa shiga horon ƙuratan soja kamar sauran 'yan rundunar.

Ubangidan, ashe, shi ne mai biyan haraji, watau mutumin da yake zaune a kujera yana zaton kyauta aka yi masa. Ba kowa ne ya yarda cinikin ya yi daidai ba. A 2011 'yar Majalisa Betty McCollum ta jihar Minnesota ta nemi a rage kuɗin badujaloli daga kimanin dala miliyan 325 a shekara zuwa miliyan 200, tana ganin bai dace a yanke taimakon marasa galihu a bar ƙaho ba. Masu kare badujala suka kawo zancen jana'izar tsofaffin sojoji da bukukuwan ƙasa da jawo samari aikin soja, ƙudurin bai zama doka ba. Duk da haka ofishin binciken kuɗi na gwamnati ya ba da rahoto a 2017 cewa yawan badujalolin ya sauka daga 150 a 2012 zuwa 136 a 2016, ya kuma ce rundunonin ba su da ma'aunin da za su nuna ko kiɗan yana cim ma abin da ake kashe kuɗi dominsa. A 2013, da rikicin kasafin kuɗi tsakanin Majalisa da fadar shugaban ƙasa ya jawo yanke kashe-kashen gwamnati, badujalar Marin ta soke rangadinta na wannan shekara, garuruwan da suke kan layi suka jira sai da aka daidaita.